Zuwa ga Kawu a Katsina: labarin tsofaffin irin tuffa na Ingila

Assalamu alaikum, Kawu. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali baki ɗaya, ga bayanin tuffar da ka ce in bincika maka saboda lambunka na Ajiwa.

Tuffar da ake kasawa a bakin titi a Katsina, wadda akasarinta daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita, kusan ita ce a manyan kantunan nan Ingila: sumul, mai sheƙi, iri kaɗan. Tsofaffin iri kuwa sai a kasuwar manoma lokacin kaka, ko a gonar Brogdale da ke Kent, inda aka adana sama da iri 2,000. Yawancinsu ba su da kyan gani. Ashmead's Kernel, wadda ta fito daga Gloucester wajen shekarar 1700, ɓawonta kaushi gare shi, launinta dishi-dishi, kuma in aka gatsa ta ranar da aka tsinko, tsami ne zai fara tarar mutum. Sai ta kwana biyu a ajiye zaƙinta yake fitowa, tana kuma iya kaiwa watan Fabrairu ba ta lalace ba. A ganina ta fi ta kanti nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutanen zamanin da sun san lokacin kowace. Wadda ta nuna a watan Agusta ba ta jure ajiya, a ci kawai. Ta Oktoba ita ake naɗewa ɗaya-ɗaya cikin tsohuwar jarida, a jera a kan katako a ɗaki mai sanyi da duhu, ba a bari wata ta taɓa wata, ana dubawa ana fitar da wadda ta fara ruɓewa, kamar dai yadda kake yi da albasa a rumfa. Bramley, wadda wata yarinya ta shuka ƙwallonta a garin Southwell a 1809, ta dahuwa ce saboda tsaminta, kuma tana wuce hunturu lafiya lau. Cox kuwa, duk da ƙamshinta, cuta na saurin kama itacenta, shi ya sa manoma ke kuka da ita.

Batun in aiko maka da ƙwallo, gaskiya ba zai biya buƙata ba. Ƙwallon tuffa ba ya maimaita uwarsa, sai an yanki reshe an yi masa aure. Kuma waɗannan itatuwa suna son ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin su yi fure sosai, abin da hunturunmu na Katsina ba ya bayarwa. In kana son gwaji, a nemi dashe daga wajen Jos, inda ake noman irin da ba ya buƙatar sanyi mai yawa.

A gaida Inna da su Yaya.