Maganin tsutsar ciki na 'yan kwikwiyo: abin da na gani bayan kwana 28

Ina da 'yar gonar kaji a bayan garin Zariya, kuma karya ɗaya ce ke mana gadi da dare. Da damina ta haifi shida. Sun kai sati huɗu sai na lura cikinsu ya yi tulu kamar an hura, alhali haƙarƙari a waje, gashi duk ya dakushe. Ranar da ɗaya ya yi amai, na tsuguna na ga wani abu fari dogo kamar taliya yana murɗawa a ciki, a nan hankalina ya tashi.

Kuskuren farko nawa ne. Na shiga kasuwa wajen wani mai sayar da magungunan dabbobi, ya miƙo mini farin ruwan da ake ɗura wa tumaki, ya ce a ba kowanne rabin murfi. Bai tambayi nauyinsu ba, ni ma ban tambayi komai ba. Bayan kwana biyu ƙaramin cikinsu ya mutu. Ba zan ɗora wa maganin alhaki kai tsaye ba, don dama ya fi kowa galabaita, amma sauran ma ban ga wani sauƙi a jikinsu ba. Mai gadinmu ya ce, "Alhaji, kai su wurin likita mana, ai ko kaza ce ba ka yi mata haka." Ya faɗi gaskiya, na zuba su a kwali muka tafi.

Abin da ya fara burge ni a asibitin dabbobin shi ne likitan bai taɓa magani ba sai da ya gama tambaya. Suna cin abinci? Zawon akwai jini da wari mai tsanani? Suna amai ba ƙaƙƙautawa? Ya ce yana so ya fitar da cutar Parvo ne daga lissafi, don ita ƙwayar cuta ce daban, maganin tsutsa ba ya yi mata komai, kuma tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Sannan ya ɗaga leɓen kowanne yana duba dasashi. Dasashin guda huɗu daga cikinsu ja-ja ne, na ɗayar kuwa fari fat kamar takarda.

Ya ɗebi ɗan kashinsu ya dama a ruwan gishiri, ya ɗora a madubin likita, ya ce in leƙa. Ban taɓa tsammanin zan tsaya ina kallon kashin kare da sha'awa ba. Ƙwai iri biyu ya nuna mini: masu zagaye da kaurin ɓawo, na macijin ciki ne da ake kira Toxocara canis, masu siffar ƙwan kaza da siririn ɓawo kuma na Ancylostoma ne, ƙaramar tsutsar da ke maƙalewa a jikin hanji tana zuƙar jini. Ita ce ta sa dasashin nan ya yi fari, kuma ya ce mai yiwuwa ita ta kashe ƙaramin. Na tambaye shi ina suka samo, tunda ba su taɓa fita daga gonar ba. Ya ce daga uwarsu: macijin cikin tun suna ciki yake ratsa mahaifa ya shige su, mai shan jinin kuma ta nono take bi. Shi ya sa ake fara ba kwikwiyo magani tun yana sati biyu, a maimaita a sati na 4, na 6 da na 8, daga nan sau ɗaya a wata har ya cika wata shida. Mu mun makara da sati biyu ke nan.

Maganin da ya ba su ruwa ne mai suna pyrantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ɗaya bayan ɗaya ya ɗora su a sikeli, ya ja da sirinji, ya ɗiga a gefen baki. Babu wanda ya tofar. Da na tuna rabin murfina sai kunya ta kama ni, don tsakanin babban cikinsu da ƙaramar akwai kusan rabin kilo. Ya kuma ja kunnena cewa ƙarfin ruwan ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kada in haddace yawan da ya ja in je in yi aiki da shi a wata kwalbar. Mai farin dasashin ya riƙe ta har yamma, aka yi mata ƙarin ruwa, ya haɗo ta da maganin ƙarin jini. Uwar ma ya ce sai an ba ta nata.

Washegari da safe na ga aiki. Tsutsotsi a kashinsu tuli, wasu sun fi yatsana tsawo, wasu ma suna motsi, don maganin sandarar da su yake yi hanji ya turo su waje. Ɗaya ya yi zawo na yini guda ya tsaya. Kwana huɗu suka fara kokawa a kan kwano, bayan sati cikin ya sace.

Sai dai maganin yana da iyakarsa, kuma gara mai saye ya sani. Manyan da ke cikin hanji kawai yake kamawa, ƙananan da ke yawo ta hanta da huhu ba ya taɓa su, sai sun dawo hanji sun girma. Wanda ya ba da sau ɗaya ya ga sauƙi ya tsaya, to ya yi aikin baban giwa. Ba ya kuma kashe tsila, wadda ƙuma ke yaɗawa. Ita sai wani magani daban mai suna praziquantel. Kwalbar da na saya ta zagaye na biyu babu sirinji a ciki, rubutun jikinta kuma ƙanana ne ƙwarai, sai da na ɗauki hoto na buɗa a waya.

Asibitin ma ina da ƙorafi a kansa. Mun yi kusan awa biyu a layi, kuma wuri ɗaya aka tara kowa, rago da mage da wani kare da ke ta zawo a ƙasa. Ga 'yan kwikwiyon da ba su yi rigakafi ba, wannan ganganci ne. Kwalin a cinyata ya zauna har aka kira mu. Kuɗin kuwa, da gwaji da magani da ƙarin ruwan duka, bai kai na buhu ɗaya na abincin kaji ba.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ta yara ce. Ƙwan Toxocara na yin sati biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya zama mai cutarwa, daga nan yana iya shekaru bai mutu ba, kuma idan yaro ya kai shi baki tsutsar na iya zuwa hanta ko ido. Ta shan jinin kuma tana huda fatar wanda ke tafiya ba takalmi. Yarana suna zuwa gonar ran Asabar suna wasa a yashin nan. Yanzu kullum da safe ake kwashe kashin a binne, ɗakin karnukan mun yi masa daɓen siminti, babu mai shiga sai da takalmi.

Biyar ɗin duk suna nan, sun sha zagaye na uku jiya. An yi musu rigakafin farko a sati na shida, na ciwon haukan kare kuma sai sun cika wata uku. Mai farin dasashin har yanzu ita ce ƙarama, amma ita ta fara yi wa mai kawo dusa haushi.