Filin Wasa Ya Ninka Namu, Amma Kujeru Ba Kowa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Kun daɗe kuna tambayata ko ina zuwa kallon ƙwallo a nan Amurka. Ina zuwa, amma ba irin tamu ba. Wani dattijo da muke aiki tare, haifaffen Oakland a jihar Kalifoniya, shi ya matsa min sai na raka shi kallon besbol, wasan nan da ɗaya ke jefo ƙwallo ɗaya ya maka mata kulki ya ruga. A 2023 ne, wani dare a tsakiyar mako.

Jirgin ƙasa ya sauke mu a bakin filin, muka haye gada a ƙafa. Tikiti a waya yake, aka haska aka ce mu wuce. Babu turereniya, babu ɗan sanda da dorina, babu yaron da zai ce sai ka ba shi na goro kafin ya nuna maka ƙofa. Wata tsohuwa mai rigar aiki ta duba lambata, ta kai ni har kujerata. Na zauna na ɗaga kai, sai gabana ya faɗi. Filin da ke ɗaukar mutum sama da 46,000, amma duk inda na duba korayen kujeru ne zalla. 'Yan kallo tsilla-tsilla kamar kasuwar ƙauye bayan la'asar. Har muryar mai sayar da gyaɗa a can ɗaya ɓangaren ina ji. Sai wasu 'yan tsiraru a can baya suna ta dukan ganga ba gajiyawa, kuma gangar nan ita ta tuna min da Ƙofar Mata ranar wasan Pillars, inda tun azahar wuri ya cika ana "Sai Masu Gida!" Wallahi sai da kewa ta kama ni.

Na ce masa, "Baba, mutanenku ba sa son wasan ne?" Ya ajiye fensirin da yake rubuta sakamakon kowane bugu a ɗan littafinsa, ya kalle ni kamar na taɓa masa gyambo. Ya ce ƙungiyar nan, Athletics, ta zo garin a 1968, ta ci kofi sau uku a jere daga 1972 zuwa 1974, ta ƙara a 1989. Amma duk ɗan wasan da ya fara haske sai a sallame shi kafin lokacin biyansa kuɗi mai kauri ya yi. Ya lissafo min Matt Olson da Matt Chapman, waɗanda aka rabu da su a wata ɗaya, Maris ɗin 2022. Ga shi kuma ana shirin kwashe ƙungiyar zuwa Las Vegas. Ya ce, wa zai yi ta zuba ruwa a kwando? Ashe zaman gidan da mutane suka yi fushi ne. Shi ya sa ranar 13 ga Yunin 2023 suka haɗa baki suka fito, sama da mutum 27,000, sanye da korayen riguna, suna kira ga mai ƙungiyar, John Fisher, ya sayar da ita.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne yadda kowa ya san kwantiragin kowa har ƙwandala. A wajen aiki lokacin cin abinci, direba da mai shara za su yi ta musu kan Shohei Ohtani, ɗan Japan ɗin da Dodgers ta Los Angeles ta ɗauka a kan dala miliyan 700 na shekara goma. Su gaya maka miliyan biyu kacal yake karɓa duk shekara, sauran miliyan 680 sai daga 2034 za a fara biyansa. Su ce kason shekara ɗaya na wannan kwantiragi, miliyan 70, ya fi albashin 'yan wasan Oakland gaba ɗaya a 2024. Bayan shekara guda wani ɗan wasan, Juan Soto, ya sa hannu da ƙungiyar Mets ta New York a kan dala miliyan 765, musu ya koma sabo. Kuma abin da aka rubuta shi za a biya, ko ɗan wasa ya karye a wasan farko.

Mu fa? Mu ne gwanayen cika fili, amma wa ya taɓa tambayar nawa ake biyan yaron da muke yi wa ihu? Sai dai ka ji ana bin bashin albashi wata da watanni, ko kuɗin sa hannu ya maƙale, mu yi shiru. Idan an ci mu a gida kuwa, alƙalin wasa za mu bi da jifa. Kuɗin cinikin ɗan wasan Ingila kuma a kanmu yake, muna zaune a gidan kallo muna rantsuwa a kai. Wannan hali yana ci min tuwo a ƙwarya.

Kada ku ɗauka komai nasu daɗi ne. A filayen wasan ƙasar nan ruwan gora ɗaya ya kai kuɗin abincin rana, wurin ajiye mota wani lokaci ya fi tikiti tsada, naman da ke kan gawayi kuma sai ka yi ta tambaya ko na alade ne. Ni gyaɗa kawai nake saya. Wasanni 162 suke yi a kaka guda, 81 a gida. Talaka mai iyali ina zai iya?

Ranar 26 ga Satumban 2024 aka yi wasan ƙarshe a Oakland, kuma ranar fili ya cika maƙil. Na ga ma'aikatan fili suna ɗibar ƙasar wajen da shebur suna zuba wa mutane a kofuna da gorori. Dattijona ya miƙa nasa kofin, hannunsa na rawa, hawaye na bin gemunsa. Yanzu ƙungiyar tana wasa a wani ƙaramin fili a Sacramento kafin a gama gina na Las Vegas. Tafiya daga Oakland zuwa Sacramento ba ta kai awa biyu a mota ba, amma dattijon bai taɓa zuwa ba. Ƙasar tana nan cikin kwalba a kan teburinsa, kusa da hoton mahaifinsa wanda ya fara kai shi filin yana yaro.