Seiko 5 mai milimita 37 a hannun tela

Duk telan da ke ɗinka kaftani mai hannun linkis ya san rigimar da ƙaton agogo ke haddasawa. Ka auna wuyan hannun mutum, ka bar masa sararin da ya dace, ka gyara bakin hannun riga ya tsaya cak, ranar karɓar ɗinki sai ga shi da agogo mai faɗin murfin gwangwanin tumatir, hannun rigar ya ƙi wucewa ta kansa. Daga nan laifi ya koma kan tela. A shagona da ke nan Bauchi sai da ta kai ina tambayar mai ɗinki a wane hannu yake ɗaura agogo, in ƙara wa wannan hannun rabin inci. In kana da ido, a wurin ɗaurin aure za ka ga kaftanin da hannunsa ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kuma da gangan aka yi.

Yanzu tambayar ta fara raguwa. Samarin da ke kawo min shadda, musamman masu bin harkar agogo a waya, sun fara zuwa da ƙanana, irin waɗanda a da za su ce na tsofaffi ne. Ni ma na sayi nawa: Seiko 5, samfurin SNXS79, mai faɗin milimita 37 da fuska mai ruwan toka mai duhu. A awon tela, inci ɗaya da rabi ne saura kaɗan. Wuyan hannuna inci shida da rabi ne, kuma yawancin mazan da nake aunawa suna tsakanin nan da bakwai da rabi.

A wajen Kasuwar Wunti na same shi, wurin wani dattijo mai akwatin gilashi. Duk abin da ya jera a gaba manya ne, milimita 44, 45, wasu ma sun haura, masu ruwan gwal da ƙananan fuskoki uku a ciki waɗanda ko motsi ba sa yi, ado ne kawai. Da na ce ƙarami nake nema sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, na uwargida ne?"

"A'a Alhaji, nawa ne."

Bai ce komai ba, ya jawo wata durowa a ƙasa ya fito da ƙunshin tsumma. A ciki ne kayan arzikin suke. Wannan shi ne abu na farko da zan ce game da wurin: mutumin yana da kaya masu kyau amma ya ɓoye su, don a ganinsa kasuwa na wurin manya. In ba ka tambaya ba za ka tafi kana cewa ba shi da komai sai kyalkyali. Sai dai na yaba masa abu guda. Ya ware min na asali da jabu da bakinsa, ya ce wannan kuɗinsa kaza, wancan kwafi ne kada in ce bai faɗa min ba. Rasit kuwa babu, garanti ma na fatar baki ne, kuma ciniki da shi sai ka yi haƙuri, don yakan ɗora kuɗi sosai a tashin farko. Farashin yana bin dala, na bara ba shi ne na bana ba. A da irin wannan agogo bai kai dala ɗari ba a kasuwannin waje, amma tunda ƙanana suka dawo yayi, masu shi sun farga.

A hannu, abin da na fara ji shi ne rashin nauyi. Ina wuni a kan keke, hannun hagu na tura yadi, na dama na kan juya ko almakashi, kuma sai in manta yana nan. Ƙaton agogo in ka lanƙwasa hannu baya, maɓallin saitinsa ya riƙa sukar bayan hannunka. Duk wanda ya yi sujada da irinsa ya san abin da nake nufi, har wani baƙin tabo yake barin wa wasu. Shi wannan maɓallinsa yana wajen ƙarfe huɗu, kuma a nutse yake cikin jikin agogon, ba ya taɓa fata ko kaɗan. Hannun kaftani yana zamewa ta kansa ya rufe shi, in ka miƙa hannu za a gaisa ya ɗan leƙo. Ni a wurina haka agogo ya kamata ya zauna da manyan kaya. Shadda da aikin wuya su ake so ido ya fara gani.

Fuskar ce ta saye ni. A cikin shago baƙa take, ka fita rana sai ta koma ruwan toka mai sheƙi, hasken yana zagayawa daga tsakiya in ka juya hannu. Babu lambobi, sai 'yan sanduna na ƙarfe, ga tagar rana da kwanan wata a wajen ƙarfe uku. Nawa yana nuna ranar da Turanci ko da Larabci, ka zaɓi wanda kake so. Na bar shi a Larabci. Irin waɗannan don kasuwar ƙasashen Larabawa ake yin su, shi ya sa da yawa cikin waɗanda muka taso muka gani a hannun iyayenmu tsarabar Makka ne, su da Rado mai ƙoƙon kai ɗin nan da ba ya ƙarzuwa, wanda aka fara yi a 1962. Seiko 5 kuwa tun 1963 yake. Babu ɗaya cikin dattawan nan da ya taɓa jin agogonsa ya yi masa ƙanƙanta.

Wannan ne ma ke ba ni dariya in na ji yaro na cewa sabon yayi ne ya shigo. Agogon maza na da galibi ƙanana ne. Rolex Datejust da aka fitar a 1945 milimita 36 ne, Calatrava na farko na kamfanin Patek Philippe a 1932 bai wuce 31 ba. Kumburin daga baya ya zo. A 1993 Audemars Piguet ya fitar da Royal Oak Offshore mai milimita 42, mutane suka ga kamar an yi hauka. Panerai kuma, wanda asalinsa na sojojin ruwan Italiya ne masu nutso da ke buƙatar babbar fuska don su gani a duhun ruwa, ya shiga kasuwa da milimita 44, 'yan fim masu ƙirar ƙarfi irin su Sylvester Stallone da Arnold Schwarzenegger suka ɗaura manyan agogo, duniya ta bi. Su dai hannunsu ya ɗauka. Mu kuma sai kwafin ya iso mana, ɗan saurayin da wuyan hannunsa bai kai inci shida ba ya ɗaura abin da aka yi wa ɗan dambe.

Su kansu kamfanonin sun juyo. Rolex ya ƙara girman Explorer zuwa 39 a 2010, a 2021 ya mayar da shi 36. Tudor ya fitar da Black Bay 58 mai milimita 39 a 2018, aka yi rububinsa, a 2023 ya sake sauka zuwa 37 da Black Bay 54. Tissot PRX ya fito da 40, bai daɗe ba aka yi mai 35. Seiko ma da ya sabunta jerin 5 Sports a 2019 da milimita 42 da rabi ya fara, amma a 2024 ya dawo da siffar wannan nawa a sabon jiki mai 37 da ɗoriya. Waɗancan na farko ba kuɗin tela ba ne, a waya nake kallon su, amma inda manya suka dosa can masu kwafi za su bi, kuma durowar Alhaji za ta hau saman gilashi.

Akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya, domin ƙirar agogon ce haka. Ba ya cin batir. Injinsa, 7S26, motsin hannu ke ba shi wani: ta gilashin baya za ka ga wani rabin faifan ƙarfe yana lilo, shi ke naɗe zaren ƙarfen da ke tafiyar da shi. In ya cika yakan yi wajen awa 40 a ajiye. Ba a ba shi wani da yatsa, in ya tsaya sai ka ɗan girgiza shi a hankali ya tashi, kuma tsinken sakan ba ya tsayawa in ka jawo maɓalli, saboda haka saitin da ya dace da sakan ɗin waya daidai-wa-daida sai da dabara. Sabon injin Seiko, 4R36, yana yin duka biyun. Agogo mai inji kowane iri ne yakan ƙara ko ya rage 'yan daƙiƙu a rana. Wanda ke son lokacin da ba ya kuskure ko kaɗan ya nemi Casio F-91W, shi ma ƙarami ne, tun 1989 ake yin sa, batirinsa na shekara bakwai, kuɗinsa kaɗan. Ni ranar Juma'a nake daidaita nawa kafin in tafi masallacin Gwallaga, shi ke nan har wata Juma'ar. Ruwa kuma na fantsali yake ɗauka, mita 30 a rubuce. Ruwan sama ko wankin hannu ba komai, amma ban da wanka. Wajen alwala cire shi nake in sa a aljihu.

Kusa da Alhaji akwai wani tsoho mai gyara, da ɗan teburinsa da gilashin da yake maƙalawa a ido. Shi ya rage min sarƙar. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya tura 'yan ƙusoshin da wani tsinke, ya cire gaɓa biyu ta gefe guda, gaɓa ɗaya ta ɗaya gefen, don maƙullin ya zauna a tsakiyar hannu, ya naɗe gaɓoɓin a takarda ya ce in adana. Da ya ji sana'ata sai ya ɗago.

"Ɗana, kana da maganaɗisun tsintar allura a shago?"

"Akwai, Baba."

"To raba su. In ya sha maganaɗisu gudu zai riƙa yi, ka zo kana cewa an sayar maka da lalatacce."

Ya ƙara da cewa kada in canza kwanan wata daga ƙarfe tara na dare zuwa asuba, lokacin haƙoran ciki sun riga sun kama aikin juya shi, in an tilasta sai a karya wani abu. Kuɗin da ya karɓa bai kai na sa zif a wando ba. In da don shi kaɗai ne ma zan sake komawa wurin.

Sarƙar agogon mara nauyi ce, ta lanƙwasasshen ƙarfe irin ta da. Na so in gwada shi da fata don ranar da zan sa farar shadda, a nan na gane faɗin maɗaurinsa milimita 19 ne, alhali abin da ya cika kasuwa 18 ne da 20 da 22. Alhaji ya ba ni wata mai 20 mara suna, ya fere gefenta da reza, ya rantse fata ce tsantsa. Zafin watan Afrilu na Bauchi bai bar ta ta ga damina ba, ta fara saɓulewa tana wari. Araha ba ta ado. Na mayar da sarƙar, kuma da gumin garin nan ita ta fi.

Wanda zai je saye ya duba tsinken sakan: na asali yana tafiya sumul, bugu shida a sakan guda, in ka ga yana tsalle ɗaya-ɗaya to batir ne a ciki. Ya juya baya ya ga lambar injin da lambar agogon a rubuce tsaf. Ya yi hattara da tsofaffin Seiko 5 masu fuska kore shar ko ja wur da ake sake wa fenti a Indiya, cikinsu haɗe-haɗe ne. Kuma kada ya tsaya kan faɗin fuska kawai. Tsawon agogon daga ƙahon sama zuwa na ƙasa, inda maɗauri ke kamawa, shi ne awon gaskiya; in ƙahonin suka zarce faɗin wuyan hannunka suna reto a iska, ya yi maka yawa ko nawa ka saye shi. Mai inci takwas, irin wasu manyan 'yan kasuwar Muda Lawal da nake wa ɗinki, 37 zai iya ɓacewa a hannunsa, shi ya nemi 40 ko 41. In ba ka san awonka ba, ka biya ta wurin telanka ya zagaya maka tef kafin ka shiga kasuwa, kuma ka tafi sanye da kaftanin da ka fi sawa, ka gwada agogon a ƙarƙashin hannunsa a gaban mai kaya.