Motar lantarki mai araha ko ta Kwatano: lissafin da ya kamata magidanci a Zariya ya yi kafin ya biya

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, fita da mota ya zama abin da magidanci ke yi da lissafi. Litar da ake sha a ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da dama. A Samaru da Kongo da Tudun Wada ba a rasa ma'aikatan da suka lulluɓe motocinsu da tamfol suka koma hawan babur da Keke Napep. Cikin wannan matsi ne labarin ƙananan motocin lantarki na China ya iso mana, kuma duk wanda albashinsa ke ƙarewa a gidan mai dole zancen motar da ba ta shan fetur ya shiga ransa.

Arahar tasu gaskiya ce, kuma tana da dalili. Kamfanin BYD na China ya fito da ƙaramar motarsa Seagull a 2023 a kan kuɗin da bai kai yuan 80,000 ba, wato wajen dala 11,000, domin shi yake ƙera batirinsa da kansa, batirin kuma nau'in da ba ya buƙatar ma'adinai masu tsada ne, ga tallafin da gwamnatin China ta daɗe tana bai wa masana'antar, ga kuma gasar karya farashi tsakanin kamfanonin ƙasar. Wannan araha ce ta sa Amurka ta ɗora wa motocin harajin kashi 100 cikin 100 a 2024, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata a watan Oktoban shekarar, domin su kare masana'antunsu. Da waɗancan ƙofofi suka ƙuntata, sai kamfanonin suka ƙara mayar da hankali ga kasuwanni irin namu. Habasha ta hana shigo da motocin fetur da dizal a 2024, Najeriya kuma ta cire wa motocin lantarki harajin VAT a shekarar. Sai dai farashin China ba shi ne farashin Zariya ba. Kafin mota ta iso hannun mai saye an biya kuɗin jirgin ruwa da na fito a tashar Legas da ribar mai shigowa da la'adar dillali, duka kuma a kan canjin dalar da ya tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Saboda haka sabuwar motar lantarki mafi araha takan fi tsohuwar Corolla ta Kwatano tsada nesa ba kusa ba.

Abu na farko da za a duba shi ne girma. Seagull kujeru huɗu gare ta da ɗan ƙaramin but. Gidan da ke da yara biyar, da uwargida da ke zuwa biki da suna tare da 'yan uwa, da buhun masarar da ake ɗaukowa daga ƙauye bayan kaka, ba irin gidan da aka ƙera ta dominsa ba ne. Masu faɗi irin su Atto 3 suna nan, amma kuɗinsu ya fita daga sahun araha.

Maganar wuta ita ce uwar lissafin. Ƙaramar motar lantarki tana cin wajen yunit 13 zuwa 15 a tafiyar kilomita 100. A farashin rukunin Band A, wato layukan da aka ware don samun wuta mafi yawa, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta shi, wannan tafiya ba za ta wuce naira dubu uku da 'yan kai ba. Corolla mai lafiya kuwa takan sha wajen lita takwas a tafiya irin wannan, wanda idan lita tana naira 900 ya kama 7,200. Ribar a fili take, amma sai ga wanda wuta ke zama a gidansa. Batirin ƙaramar Seagull yana ɗaukar kusan yunit 30, kuma idan a soket ɗin bango na gida aka jona ta, cika shi daga ƙasa yakan ci wajen awa 14. Akwatin caji na musamman yana rage lokacin zuwa awa biyar ko shida, sai dai yana jan wutar da wayoyin yawancin gidajenmu da taransifomar unguwa ba za su ɗauka cikin sauƙi ba. Band A an yi masa alkawarin awa 20 a rana, amma kowane mazaunin Zariya ya san awa nawa Kaduna Electric ke ba layinsu, kuma da wannan adadi na gaskiya ya kamata ya yi lissafi, ba da na takarda ba. Wanda ya ce zai riƙa caji da janareta kuwa ya koma gidan jiya, domin ƙaramin janareta ba ya fitar da abin da ya wuce yunit biyu daga litar fetur, don haka man da zai ƙona ya yi daidai da wanda Corollar za ta sha.

Sola ita ce mafita mai ɗorewa, kuma rana ba ta yi mana rowa ba. Mai zuwa aiki daga Sabon Gari zuwa asibitin koyarwa na Shika, ya biya ya ɗauko yara daga makaranta, ya leƙa kasuwa, da wuya ya wuce kilomita 40 a yini, abin da ke buƙatar wajen yunit shida. Faranti uku ko huɗu manya za su iya samar da wannan. Matsalar ita ce lokacin da rana ke dukan farantan motar tana wurin aiki, don haka sai an tanadi batirin ajiya da inbata mai ƙarfi a gida, kuma kuɗinsu ya kamata a haɗa cikin kuɗin motar tun farko. Ƙurar hunturu ma tana rage abin da farantan ke bayarwa idan ba a goge su. Ɗan haya da ke ajiye mota a bakin layi ko a gidan mai da dare, wannan hanya a rufe take gare shi.

Game da nisan tafiya, adadin da ake rubutawa a talla, kamar kilomita 305 na ƙaramar Seagull, an auna shi ne da ma'aunin gwajin China mai sassauci. A kan babban titi, da gudu, da esi a kunne cikin zafin Afrilu, gara a rage kashi ɗaya cikin huɗu. Zuwa Kaduna da dawowa, wajen kilomita 160 ke nan, mai yiwuwa ne. Kano kuwa sai an tabbatar da wurin caji a can kafin a tashi, Abuja kuma ta fi ƙarfinta a caji ɗaya. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a zamanin da Jelani Aliyu ke shugabantarta, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, amma irin waɗannan tashoshi har yanzu tsiraru ne a Arewa.

Gyara shi ne abin da ya fi damuna. Gaskiya ne motar lantarki ba ta da juyen baƙin mai ko filogi ko salansa, birkinta ma yana daɗewa. Amma ranar da na'urar cajinta ko kwamfutarta ta samu matsala, bakaniken da ya ƙware a Golf da Vectra ba shi da abin yi, kayan gyaran kuma ba a Sabon Gari ko Panteka ta Kaduna za a same su ba. Duk wanda zai saya ya nemi garantin batir a rubuce, wanda a wurin manyan kamfanoni yakan kai shekara takwas, ya kuma tambayi wane gareji ne a Najeriya zai cika wannan alkawari, domin motar da wani ya shigo da ita a kashin kansa sau da yawa ba ta zuwa da garanti. Ya duba bakin cajin, tun da na motocin da aka ƙera don kasuwar China ya bambanta da na Turai. Tsohuwar motar lantarki ta hannu kuwa, musamman Nissan Leaf ta farko wadda batirinta ba shi da na'urar sanyayawa kuma zafi ke saurin raunana shi, kada a biya sai an jona kwamfuta an ga lafiyar batirin a lamba. A tuna kuma cewa mota a wurinmu ajiya ce. Corolla ko Sienna ana iya sayar da ita cikin mako idan lalura ta taso, motar lantarki kuwa masu neman ta a hannu ba su da yawa tukuna.

Akwai zaɓi biyu a tsakani. Na farko shi ne a sayi ta Kwatano a sa mata tukunyar gas ta CNG, wanda gwamnatin tarayya ta fara shirin yaɗa shi a 2023. Gas ya fi fetur araha sosai, motar kuma tana iya komawa fetur idan ya ƙare, amma tukunyar tana cinye rabin but, dole a yi aikin a wurin da aka amince da shi, kuma sai mai saye ya fara gano gidan gas ɗin da ke kan hanyarsa ta kullum. Na biyu shi ne mota mai haɗin fetur da batir, irin Prius ko Camry mai wannan tsari, wadda ba a jona ta a wuta kuma take rage shan mai sosai a cunkoson PZ da Kwangila, muddin batirinta bai gaji ba.

A ganina, magidancin da ke cikin gidan kansa, mai sola ko tsayayyiyar wuta, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari da Kaduna ba, kuma yana da wata motar ta doguwar tafiya, ƙaramar motar lantarki za ta rage masa ɗawainiya ƙwarai, in ya saye ta daga wakilin da ke da gareji. Wanda mota ɗaya zai iya saye, ita ce ta makaranta da asibiti da zumunci a Funtuwa ko Kano, gara ya tsaya a kan ta Kwatano mai ƙaramin inji ko mai haɗin batir, ya kai amintaccen bakanikensa ya duba ta kafin ya biya, ya kuma ware wani abu daga kuɗin don taya da gyaran shekarar farko.