Aiptasia-X na Red Sea a ƙaramin tankin murjani: yana kashe wadda ka gani, wadda ta ɓuya kuwa sai wata dabara

Aiptasia 'yar halitta ce mai kama da fure, ruwan ƙasa-ƙasa, jikinta shara-shara, takan shigo tankin ruwan gishiri da ake kiwon murjani mai rai a ciki, a manne da dutse ko a gindin sabon murjani. Hannayenta suna harbi. Murjanin da ke maƙwabtaka da ita yakan fara da rufewa, daga baya ya zube ta gefen da take taɓa shi. A tanki mai lita 40 zuwa 60, inda komai ke cunkushe, guda biyar ma sun isa fitina. Ɗaya daga cikin magungunanta da aka fi sani a kasuwa shi ne Aiptasia-X na kamfanin Red Sea.

A cikin kwalin akwai kwalba mai mililita 60, da sirinji, da bakin ƙarfe iri biyu, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe. Maganin mai kauri ne kamar koko. Ba soka shi ake yi a jikinta ba, kuma nan mutane da yawa ke yin kuskure. Zuba mata ake yi a baki, ta ɗauka abinci ne ta rungume shi, ya toshe bakin, cikin 'yan mintuna ta shanye. Amfanin wannan tsari babba ne, domin Aiptasia tana hayayyafa ta ɗan guntun tsoka da ta bari a kan dutse. Wanda ya kankare ta da wuƙa ko ya tsinke ta da hantsaki ya shuka wasu ne da hannunsa.

Kafin a fara, a kashe kowane famfo, har da mai kaɗa ruwa da na'urar kwashe kumfa, a jira ruwan ya kwanta. A girgiza kwalbar sosai, don mai kaurin yana zama a ƙasa, idan ba a girgiza ba ruwa-ruwan sama kawai za a zuƙa. A kusanto da bakin sirinjin a hankali daga sama, kada ya taɓa hannayenta, a saki ɗigo kaɗan. Da ta naɗe hannayen a kansa sai a ƙara har ya rufe fuskarta duka. In aka yi gaggawa ko inuwar hannu ta razana ta, za ta shige rami, kuma duk abin da aka zuba a bakin ramin asara ne. A bar ta, a dawo bayan rabin sa'a. Bayan an gama a jira minti 15 kafin a kunna famfo. Kada a wuce haka da yawa a lokacin bazara, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, kuma ƙaramin tanki ba shi da rara.

A kan Aiptasia matsakaiciya da ke zaune a fili, maganin yana cika alkawari. Lanƙwasasshen bakin ma yana kai wa ga wadda ke ƙarƙashin dutse, ko da yake can maganin yakan zubo kafin ta kama shi. Inda yake gazawa shi ne babba mai dogon jiki wadda ƙafarta ke can cikin rami. Samanta zai narke, a ga wurin fes, bayan mako biyu ko uku sai ga ƙanana biyu ko uku sun leƙo daga ramin. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Dabarar da ke rufe wannan ƙofa ita ce, washegarin magani a toshe ramin da ifoksi na tanki, wato gam mai daskarewa a cikin ruwa, ko sufa gulu mai kauri. Ƙananan da ba su kai ƙwayar shinkafa ba kuwa suna da wuyar ciyarwa, saboda bakin sirinjin ya fi su girma.

Ana tallata shi da cewa ba ya cutar da murjani. Haka ne game da ɗan abin da ya narke a ruwa, amma dunƙulen da ya faɗa kan murjani ya zauna yana iya ƙona wurin. A ajiye wani sirinji na dabam a kusa don zuƙe abin da ya zube kafin a kunna famfo. A ganina, a tankin da bai kai lita 60 ba kada a yi wa fiye da huɗu ko biyar magani a rana ɗaya. Gawarwakinsu ruɓewa suke yi a ciki, ruwan kuma kaɗan ne. A sauya audugar tacewa washegari, a auna ƙarfin alkali a tabbatar yana tsakanin 7 da 9 a ma'aunin alkali na dKH, gishiri kuma yana nan a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa.

Tsabtar ruwa kaɗai ba ta kashe Aiptasia, domin tana da ƙananan tsirrai a jikinta da ke samar mata abinci daga haske, kamar murjani. Amma yawan ciyarwa yana ƙara mata ƙiba da saurin haihuwa. Tankin da ake watsa masa garin abincin murjani kullum, naitiret da fosfet, sinadaran da ragowar abinci ke tarawa a ruwa, suka yi yawa (naitiret ya haura miligiram 20 a lita, fosfet ya wuce 0.1), zai ci kwalba bayan kwalba. A rage abincin, a riƙa sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako da ruwan da aka tace ta na'urar RO/DI mai cire sinadaran da ke narke a ruwa. A kuma haska tocila cikin ɗakin tacewa na bayan tanki da bakin bututu, can ne iyayen ke zaune suna turo 'ya'ya.

Wanda ke da guda goma ko ƙasa da haka, kuma yana iya ganinsu, ya saya, kwalba ɗaya za ta daɗe masa. Idan sun kai gommai, sirinji ba zai cim musu ba, sai a nemi mai cinsu. Jatan landen Lysmata wurdemanni ya dace da ƙaramin tanki, sai dai ƙananan ya fi ci, kuma akan rikita shi da wani mai ƙusumbi, Rhynchocinetes durbanensis, wanda ba ya wannan aiki, yana ma cizon murjani mai laushi. Berghia stephanieae, wani ɗan dodon koɗi marar kwanso, ba ya cin komai sai Aiptasia, yana shiga ramukan da hannu ba ya kai wa, amma aikinsa na watanni ne, kuma yunwa za ta kashe shi idan ta ƙare, don haka a shirya wanda za a miƙa wa shi. Kifin Chelmon rostratus shi ma yakan ci Aiptasia, amma yana kai wa kusan santimita 20, ba na ƙaramin tanki ba ne.

Wani aibin kayan Aiptasia-X shi ne bakin ƙarfen yana toshewa idan maganin ya bushe a ciki. Da an gama a zuƙa ruwa mai tsabta a fesar sau uku ko huɗu, a rufe kwalbar gam.