Btrfs a kan Linux Mint 22: Riba da Wahalarsa Idan Aka Kwatanta da ext4

Linux Mint 22, wanda ya fito a 2024, yana sanya ext4 da kansa idan ka bar shi ya raba maka faifai. Da ext4 da Btrfs, kowannensu tsari ne na yadda ake ajiye fayiloli a faifai. Na gwada shi da Btrfs a kwamfutar hannu mai faifan SSD na 256GB da RAM 8GB, kuma ra'ayina shi ne Btrfs ya cancanci wahalarsa, amma fa ga wanda zai riƙa duba sararin da ya rage.

Sai ka zaɓi "Something else" a wurin rabon faifai kafin Btrfs ya bayyana. Rabon da ya yi aiki lafiya shi ne: 512MB na FAT32 don EFI (ɓangaren da kwamfuta ke tashi daga gare shi), 8GB na swap (sararin faifai da ke tallafa wa RAM) a ɓangare nasa daban, sauran duka Btrfs a kan /, wato tushen duk fayilolin Linux. Teburin rabon ya zama GPT, domin tsohon nau'in teburin, MBR, ɓangarori huɗu na asali kawai yake ɗauka, kuma ba ya wuce 2TB. Idan akwai Windows a faifan, yana da nasa ɓangaren EFI tun da farko, sau da yawa 100MB. Yi amfani da shi, amma kada ka yi masa fomat. In ka goge shi, Windows ba zai tashi ba sai an gyara. Ka kuma kashe Fast Startup a Windows tukuna, in ba haka ba Linux zai ƙi rubutu a ɓangaren NTFS, wato na Windows.

Dalilin ware swap daban: fayil ɗin swap a cikin Btrfs yana da sharuɗɗa, kuma reshen (subvolume, wani sashe a cikin Btrfs) da ke ɗauke da shi ba ya yarda a ɗauki hotonsa (snapshot, wato adana halin da fayiloli ke ciki don a iya komawa gare shi) muddin swap ɗin yana aiki.

Hoton nan kuwa shi ne ribar duka. Mai girkawa na Mint yana ƙirƙirar rassa biyu, @ na manhajar kwamfuta da @home na fayilolinka, kuma sunayen da Timeshift, manhajar da ke ɗaukar hotunan, yake nema ke nan. Rassan suna cin sarari ɗaya ne, babu katanga tsakaninsu, don haka ka huta da tsohuwar matsalar nan ta ba / 30GB ya cika maƙil alhali /home na zaune wayam. A ext4, Timeshift kwafar fayiloli yake yi da manhajar rsync, hoton farko ya ci mintuna da gigabait masu yawa. A Btrfs, kafin ka ɗauke hannu daga linzami ya gama, domin ba ya kwafar komai sai abin da ya canza daga baya. Sabuntawa ta lalata direban Nvidia? Ka mayar da hoton jiya, ka sake kunna kwamfuta, shi ke nan. Fedora, wani nau'in Linux, ita ma ta koma Btrfs tun sigar 33 a 2020, sai dai sunayen rassanta root da home ne, Timeshift ba ya gane su.

Matse bayanai ba ya zuwa a kunne. Ka ƙara compress=zstd:1 a layukan Btrfs na /etc/fstab. Sababbin fayiloli kaɗai zai matse, kuma bidiyo da hotunan kyamara ba sa ragewa, tunda a matse suke tun asali.

Inda ya ba ni haushi shi ne lissafin sarari. Ka goge fayil mai 20GB, sarari bai dawo ba, saboda wani tsohon hoto yana riƙe da shi. Umarnin df ba ya nuna cikakken hali; btrfs filesystem usage / shi ne abin dogaro. Faifai ya cika taf a Btrfs ya fi na ext4 wuyar kuɓutarwa, domin ko gogewa tana buƙatar ɗan wurin rubutu. A faifan 256GB, hotuna uku zuwa biyar sun wadatar. Fayilolin VirtualBox (manhajar kunna wata kwamfuta a cikin taka) da rumbun bayanai kuma suna warwatsewa su yi nauyi. Maganinsa chattr +C a kan foldar da za su zauna ciki tun tana wofi, amma hakan yana kashe tantance lafiyar bayanan da ke ciki.

Game da ɗaukewar wuta, musamman ga kwamfutar da batirinta ya mutu, Btrfs da ext4 duka suna farfaɗowa. Bambancin shi ne Btrfs yana ajiye lambar tantancewa ga bayanai, btrfs scrub ya gaya maka fayil ɗin da ya lalace, yayin da ext4 bayanan tsarinsa kawai yake tantancewa. A faifai guda, faɗa maka kawai zai yi, ba zai iya gyara fayil ɗin ba. Hotunan Timeshift kuma a kan faifan nan suke, in ya mutu sun tafi tare da shi, don haka kwafi a faifan waje wajibi ne.

Kwamfutar da za ka girka wa ɗan'uwa ko ofis, wadda ba wanda zai taɓa buɗe tamina (tagar rubuta umarni) a cikinta, ko mai faifan 128GB, ka bar ta a ext4.