Tayar get a rufin ɗakin duban taurari: abin da ta iya da inda take gazawa a Sakkwato

Wanda ya gina ɗan ɗakin duban taurari a bayan gida, rufin ne ke fara ba shi ciwon kai. Ana son ya buɗe gaba ɗaya da dare, ya rufe ruf da rana, kuma mutum ɗaya ya iya tura shi cikin duhu. Kayan da aka ƙera musamman don wannan aiki sai an yo odarsu daga waje, shi ya sa ake komawa ga tayar get mai turawa, wadda ake samu a shagunan kayan ƙarfe na cikin garin Sakkwato, kuma kowane mai walda ya san ta. Tana yin aikin, mun yarda a saye ta. Sai dai don get aka yi ta, get kuwa a tsaye yake, iska ba ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi. Rufi ba haka yake ba.

Tayar ƙarfe ce mai faɗin inci 3 ko 4, da boris a tsakiya da kwari a bakinta. Akwai mai kwari zagayayye da ke hawa kan rodi ko faif, akwai mai kwari mai tsini da ke hawa kan ƙarfen angul. Ta biyun muka fi so, a kife angul ɗin tsininsa na kallon sama. Dalili ƙura ce. Duk layin da taya ke bi, in yana da rami, hunturu zai cika shi da yashi, taya ta riƙa cijewa. A kan angul kifaffe kuwa ƙurar zamewa take yi ta zube.

Maganar nauyi ba abin damuwa ba ce. Ɗaki mai mita 3 a tsawo da 3 a faɗi, firam ɗin rufinsa zai ci kamar mita 30 na faif mai kusurwa huɗu na inci 2. Mai kaurin milimita 2 yana yin kilo 3 a kowace mita, kilo 90 ke nan. Kwanon alminiyam mai kaurin milimita 0.55 bai wuce kilo 2 a murabba'in mita ba. Duka da duka kilo 110 zuwa 120, wanda taya huɗu ke ɗauka ba ko gezau. Kada mai walda ya ce sai shida: in layin bai miƙe sosai ba, biyu za su rataye a sama suna hutawa, rufin ya riƙa tangaɗi.

Inda tayar ke ba da kunya boris ne. A shago a juya ta da yatsa a kasa kunne. In ta yi ta gudu tana shuu kamar babu komai a ciki, ba alamar kyau ba ce, giris ne ya yi mata kaɗan. A duba gefen boris ɗin: mai murfin ƙarfe, wanda lambarsa ke ƙarewa da ZZ, yana da ɗan sarari da ƙurar hazo ke bi ta shiga, ta haɗu da giris ta zama kamar garin dutsen wasa wuƙa. Mai murfin roba, mai lamba 2RS, shi ya dace da garin nan. A cire na cikin tayar a kai wa masu sayar da boris su ba da lamba ɗaya mai 2RS. Kuɗinsa bai kai wahalar ɗaga rufi daga baya don canji ba. Layin kansa kada a shafa masa giris ko baƙin mai. Tsumma busasshe ya isa.

Kuskuren da aka fi yi wurin ɗorawa shi ne sa taya mai kwari a gefe biyu. Hakan na bukatar layukan biyu su yi daidai da juna ƙwarai, abin da ke da wuya a aikin hannu, ga shi ƙarfe yana motsi. Angul mai mita 6 yana ƙara tsawo da kusan milimita 3 in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, kuma tsakanin sanyin asubahin Janairu da ƙarfen da ya sha ranar Afrilu ana samun wannan tazara har da ƙari. Mafita ita ce gefe ɗaya taya mai kwari a kan angul, ita ke riƙe hanya, ɗaya gefen taya mai sumul a kan ƙarfe shimfiɗaɗɗe, ta samu wurin ɗan kaucewa. A daidaita tsayin layukan da tiyo mai ruwa, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa a ga awo biyun sun zo ɗaya, sannan a kama da walda. A kowane ƙarshen layi a walda abin tokare, a liƙa masa guntun roba.

Wace nahiya rufin zai nufa in an buɗe? Zanen da ake gani na mutanen Turai da Amurka galibi arewa suke tura shi, domin a wurinsu tauraron arewa yana can sama. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa, saboda haka tauraron yana digiri 13 ne kawai daga doron ƙasa, kuma da shi ake saita ƙafar madubin hangen nesa. Rufin da aka ajiye a arewa zai tare shi. Ko bangon arewa ma, in nisansa da ginshiƙin madubi mita ɗaya da rabi ne, kada ya ɗara idon madubin saiti, wato ɗan madubin da ake leƙen tauraron arewa da shi, da fiye da santimita 35. Kudu kuma nan arzikin yake: Suhailu yana kaiwa kamar digiri 24, Alfa Sentauri kamar 16, taurarin da mutumin Ingila ba ya gani daga gida. Yamma ba a taɓa ta a garin da ake jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Jinjirin wata a ƙasa-ƙasa yake fitowa bayan faɗuwar rana, har gara a yi saman bangon yamma, kamar santimita 40, a kan hinji ya riƙa kwantawa. Saura gabas. Abin da rufi ya tare a gabas, in an yi haƙurin awa ɗaya ko biyu zai hauro. Ƙarin riba, hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa, iskarsa tura rufin take yi wajen rufewa.

Amma turawa ba ita ce barazana ba, ɗagawa ce, kuma a nan tayar get ba ta da abin cewa ko kaɗan, zaune kawai take a kan layi. Iska mai gudun kilomita 90 a awa tana danna kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kilo 38. A rufi mai murabba'in mita 9 ya haura kilo 300, rufin kuwa 120 ne. Irin iskar da ke riga ruwan farko a Mayu da Yuni, wadda ke yaye kwanon gidaje, ba za ta yi shawara da shi ba. Saboda haka a kowace kusurwa ta ciki a sa ƙugiya mai zare da ake murɗawa ta ɗaure, huɗu ke nan, a maƙale su a firam ɗin bango da ke dashe cikin kankare. Sannan a walda harsunan ƙarfe a jikin rufin, waɗanda ke shigewa ƙarƙashin wani angul da zarar ya rufe. Amfanin harsunan shi ne daren da barci ya ci ƙarfin mutum ya manta ƙugiya. Sakata irin ta ƙofa ba ta wadatar ba, tana hana zamewa ne kawai.

Taya tana barin sarari tsakanin rufi da bango, kamar yatsa uku ko huɗu. Ta nan feshin ruwa da ƙura da ƙadangare da zanzaro ke shiga. A sauko da siket na kwano daga bakin rufin ya rufe saman bango da santimita 15, ban da gefen da zai hana shi tafiya. A can bangon ne za a yi wa leɓe, rufin ya shige ƙarƙashi. Daga ciki a bi da buroshin ƙasan ƙofa. Tsohon tub na mota ma yana yi, sai dai rana na tsattsage shi, a sa ran canji. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe ɗakin da tsakar rana a tsaya ciki, duk inda zaren haske ya ratso, nan hazo zai bi.

Kusoshin kwano su zama masu zare da washar roba, a ɗaura su a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Silikon kuma a shinshina kafin a saya da yawa: mai warin tsami yana cin kwanon zinki, mara warin ake nema. Duk wurin da aka yi walda a kankare shi a shafa jan fenti, in ba haka ba marka ɗaya ta isa tsatsa ta kama.

Kada a toshe ɗakin gaba ɗaya don tsoron ƙura. A bazara, da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, akwatin kwano rufaffe tanderu ne, giris ɗin ƙafar madubi yana tsinkewa ya tsiyaye. A yi wa rufin farin fenti, a manna takardar alminiyam mai kumfa a ƙarƙashinsa, a bar kafar iska biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, kowace da raga da yankin soso siriri da za a riƙa cirewa ana wankewa. A buɗe rufin tun magariba, madubi ya huce kamar awa ɗaya kafin a sa ido, in ba haka ba taurarin rawa za su yi ta yi.